Ciniki Daga Nesa: Matsayin Amana A Taron 'Yan Kasuwa Ta Intanet

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da gaskiya da riƙon amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu a lokacin girbin shinkafa, idan ya iso Zauro zai ga abin da ba a san shi ba shekaru ashirin da suka wuce. Ga buhunan shanshera an jibge, ga sikeli, ga leburori, ga kuma mai kaya tsaye ya ɗaga wayarsa yana zagaya buhunan da ita, yana magana da waɗansu mutane da shi kaɗai ke ganinsu. Ɗaya yana Legas, ɗaya yana Kano, na uku kuwa yana zaune a ofishinsa a Birnin Kebbi. Kafin rabin sa'a an taya, an yi albarka, an ƙara, an sallama, kowa ya kama gabansa, alhali kuwa babu wanda ya taka ƙasar wani, babu kuma hannun da ya taɓa hannu.

Wannan al'amari ya raba kan jama'a. Dattawa suna cewa tun kaka da kakanni ba a cinikin biri a sama, kuma zuwa da kai ya fi aike. Matasa kuwa suna cewa idan kiɗa ya sauya, tilas rawa ta sauya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma tambayar da ta kamaci Musulmi ta kasu biyu: ta farko, shin cinikin da aka ƙulla ta wannan hanya ya ƙullu a Shari'a? Ta biyu, wadda ta fi nauyi, shin maganar da mutum ya furta a gaban allon waya tana ɗaure wuyansa kamar wadda ya furta a zauren abokin cinikinsa?

YADDA ABIN YA ISO

Ƙasar Kabi ba baƙuwa ba ce ga ciniki mai nisa. A ƙarni na 19 kasuwar Jega tana cikin manyan zangon fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, kuma ayari kan yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu kafin ya komo. A wancan zamani mai dukiya yakan damƙa jarinsa ga wani ya tafi da shi, ba ya da wata madogara sai amanar mutumin da kuma tsoron Allah da ke cikin zuciyarsa.

Shinkafar fadamar Rima ita ta sake buɗe wa yankin ƙofar manyan kasuwanni. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a jihar Kebbi. A 2016 gwamnatocin Kebbi da Legas suka haɗa kai a kan shinkafar da aka sa wa suna Lake Rice. A 2017 aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu, bayan ta Labana da ke Birnin Kebbi. A watan Maris na 2021 kuma aka jera dalar buhunan shinkafa a Zauro. Tun daga nan manomin da dā bai san kowa ba sai dillalin ƙauyensu ya zama yana da hulɗa da mutanen da ke nesa da shi tafiyar yini guda cur a mota.

Sa'an nan annobar korona ta zo a 2020. Aka hana zirga-zirgar mutane tsakanin jihohi har wajen wata biyu, ko da yake an bar motocin abinci suna wucewa. Kaya na iya tafiya, mai kaya ba ya iyawa. A watan Mayu na shekarar ita kanta Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zama ta intanet. A watan Agusta aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni wadda ta yarje wa kamfanoni masu zaman kansu su yi babban taronsu ta wannan hanya, a 2023 kuma aka faɗaɗa izinin ya haɗa da kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a. Annoba ta wuce, amma Zoom da WhatsApp da ire-irensu sun zauna.

AMFANIN DA BA YA MUSANTUWA

Adalci ne a fara da ambaton alherin abin. Na farko shi ne tsare rai. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya siffanta tafiya da cewa wani yanki ce na azaba, ya kuma umarci matafiyi da ya gaggauta komawa ga iyalinsa da zarar ya gama bukatarsa. Wanda ya san halin da hanyoyin arewa maso yamma suka shiga a 'yan shekarun nan, na haɗarin mota da na 'yan bindiga, ya san cewa kowace tafiyar da aka iya fasawa ba tare da an yi hasara ba, ni'ima ce. Tsare rai da tsare dukiya suna cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su.

Na biyu shi ne tsimin dukiya da lokaci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Ƙaramin ɗan kasuwa da zai kashe kuɗin mota da na masauki da na abinci domin zaman sa'a ɗaya a Legas, yau yana iya yin wannan zama da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, ya kuma yi sallar Azahar a masallacin unguwarsu, ya kwana cikin iyalinsa.

Na uku, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne kare mai rauni daga zalunci. Annabi (S.A.W.) ya hana a tari masu kawo kaya a bayan gari a saye daga hannunsu tun ba su shiga kasuwa sun ji farashi ba. Hikimar hanin ita ce kada a ci jahilcin mutum. Shekaru da yawa manomi yana sayarwa a kan abin da dillali ya gaya masa, domin ba ya da hanyar jin abin da ake ciki a Dawanau ko a Legas. Yau shugabannin ƙungiyar manoma suna iya zama da mai masana'anta kai tsaye, kowa yana jin kowa. Dillalin kirki bai rasa la'adarsa ba, domin har yanzu ana bukatar mai duba kaya da mai tsaya wa baƙo. Wanda ya rasa shi ne mai cin duhun kai.

Na huɗu ya shafi mata. Matan da ke sana'ar turara shinkafa da casarta a cikin gidajensu sun daɗe suna dogara ga yara da 'yan aike, kuma sau da yawa riba takan zube a tsakanin ƙofar gida da kasuwa. Wannan hanya ta ba mace damar yin magana da mai saye da bakinta, tana cikin ɗakinta, da mutuncinta.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Game da tambaya ta farko, fiƙihu bai bar mutane cikin duhu ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce aka gada a wannan ƙasa tun kafin zamanin Malam Abdullahi na Gwandu, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yardar ɓangarorin biyu, ko da miƙa kuɗi da karɓar kaya ne ba tare da magana ba. Ba a sharɗanta haɗa hannu ba, ba a kuma sharɗanta zama a tabarma ɗaya ba.

Har ila yau, littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗalibai ke karantawa a zauruka, ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, ya kuma halatta sayen abin da ke cikin ƙunshi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Sai dai ya yi togaciya: ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kaya ba su iso ba, sai idan wurin yana kusa, ko kuwa abin ba mai saurin sauyawa ba ne, kamar gida ko fili. Idan kaya suka zo daidai da siffa, ciniki ya tabbata. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓi. Mai hankali zai ga cewa wannan hukunci na sama da shekara dubu ya zauna daram a kan buhun shinkafar da aka nuna ta waya.

A zamanin nan kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a shekarar 1990, watau 1410 ta Hijira, ta duba ƙulla ciniki da na'urorin sadarwa. Ta yanke cewa mutane biyu da ke wurare dabam, idan suna jin juna a lokaci guda kamar ta tarho, hukuncinsu hukuncin mahalarta majalisi ɗaya ne. Ta ce wanda ya yi tayi ya ɗibar masa wa'adi, ba ya da ikon janyewa kafin wa'adin ya cika. Ta ware abubuwa uku: ɗaurin aure saboda shaidu, canjin kuɗi saboda sharaɗin hannu da hannu, da cinikin salam, watau biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya nan gaba, saboda sharaɗin gaggauta biya. A wannan zama dai Majalisar ta yarda cewa shigar kuɗi cikin asusun mutum na banki yana matsayin karɓa. To, idan murya kaɗai ta isa ta zama majalisi, ina ga murya da fuska?

Akwai wani hukunci guda da sauƙin waya ke sa a manta da shi. An hana wanda ya sayi abinci ya sayar da shi tun bai karɓe shi ba. Mutum ya sayi tirelar shinkafa da safe yana kwance a ɗakinsa, ya sayar wa wani da hantsi, wancan ya sayar wa na uku da la'asar, alhali buhu ko ɗaya bai motsa daga Zauro ba, kowa ya ɗora ribarsa, wannan shi ne abin da aka hana, kuma talakan da zai sayi mudu ɗaya a ƙarshe shi zai biya duka.

INDA GIZO KE SAƘA

Tambaya ta biyu ita ce ta zuciya, kuma misali zai fi bayyana ta. A ƙaddara wani mai shinkafa a Zauro ya zauna ta intanet da mai saye daga Legas. An nuna kaya, an daidaita a kan farashi, mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya karɓa, za a turo kuɗi gobe. Kafin a yi ban kwana sai sabis ya ɗauke. Da yamma wani ya zo da kuɗi a hannu, ya ɗora naira dubu biyu a kan kowane buhu. Nan Shaiɗan zai zo wa mai kaya da hujjoji: ai ba a gama magana ba waya ta yanke, ai ba a rubuta kome ba, ai mutumin ko garin bai sani ba, balle ya zo ya kai ƙara wurin hakimi.

Wannan ita ce jarrabawar. A dā abubuwa da yawa suna taimakon mutum ya cika alkawari. Akwai kunyar ido, akwai maƙwabcin rumfa da ya ji an sallama, akwai sarkin kasuwa, akwai tsoron a haɗu a masallaci ko a wurin jana'iza. Nisa ya ɗebe waɗannan duka. Abin da ya rage wa mai kaya shi ne sanin cewa Allah Ya ji. A mazhabar Malikiyya kuwa ciniki yana lizimta da furucin sallamawa da karɓa, ba a jiran rabuwar jiki. Saboda haka buhunan nan sun riga sun fita daga mulkinsa, kuma shi mai ƙarin naira dubu biyu, idan ya san da maganar, ya faɗa cikin hanin yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Ashe na'urar ba ta ƙirƙiro maha'inci, ba ta kuma ƙirƙiro mai amana. Abin da take yi shi ne ta janye shingen da ke ɓoye bambancinsu. Wanda kunyar mutane ce ke riƙe da shi, ranar da mutane suka yi nisa sai ya saki. Wanda tsoron Allah ke riƙe da shi, Legas da Ambursa duk ɗaya ne a wurinsa.

Haka nan batun nuna kaya. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sa'an nan ya barranta daga mai algus. Mai saye ta waya ba ya da hannun da zai cusa. Ba ya jin danshi, ba ya jin warin ruma, ba ya ganin tsakuwa da ƙaiƙayin da ke gindin buhu. Yana ganin abin da aka juya wa wayar kurum. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma wannan gani ne da idon wani. Saboda haka nauyin bayyana aibi ya ninka a kan mai sayarwa. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya nuna cewa masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar cinikinsu. Mai juya waya ya kauce wa jiƙaƙƙen buhu, da mai sa busasshe a saman tari, laifinsu ɗaya ne.

Ita ma fuskar da ake gani a allo ba ta zama hujja yankakkiya ba. A farkon 2024 'yan sandan Hong Kong suka ba da labarin wani ma'aikacin kamfani da ya halarci taro ta bidiyo, ya ga fuskokin shugabanninsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25 bisa umarninsu, daga baya ta bayyana cewa duka hotunan da muryoyin na jabu ne da kwamfuta ta ƙera. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, zamani ya zo da ita kanta fuskar sai an bincike ta. Umarnin da ke cikin Suratul Hujurat na a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi bai taɓa zama abin bukata kamar yau ba.

LADUBBAN MAJALISI

Tun da malamai sun ce wannan zama majalisi ne, to, ladubban majalisi sun hau kansa. Abin da aka faɗa a cikinsa amana ne. Ɗaukar maganar mutane a ɓoye, ko yanko wani ɓangare nata a watsa domin a kunyata wani, cin amana ne ko da na'ura ta sauƙaƙa shi. Idan ana so a naɗi zaman domin ya zama shaida, sai a faɗa tun farko kowa ya yarda. Haka kuma ɓoye wani mutum a gefe yana saurare ba da sanin sauran ba, leƙen asiri ne. An hana mutum biyu su yi raɗa su bar na uku domin kada ransa ya ɓaci. Masu aika wa juna saƙo a asirce ana tsakiyar zama, suna ƙulla yadda za su karya farashin wanda ke magana, su duba kansu da wannan hani. Kuma zaman da aka sa wa lokaci, a duba kada ya ci lokacin salla, domin Alƙur'ani ya yabi mazajen da fatauci da ciniki ba su shagaltar da su daga ambaton Allah.

Maganin mafi yawan rigingimu yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Idan an tashi daga zama, a rubuta abin da aka daidaita a kai: yawan buhu, nauyin kowane, irin shinkafar, farashi, ranar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da hasarar hanya. A tura wa kowa ya amsa. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar magana, a sake kira a tabbatar da inda aka tsaya. Idan kayan masu yawa ne, mai saye ya wakilta amintacce ya je ya cusa hannu a madadinsa, domin wakilci halal ne. Rubutu ba zargi ba ne. Kariya ce ga zumunci da kuma magada, ranar da ɗayan masu cinikin ya riga mu gidan gaskiya.

ABIN DA ALLO BA YA ƊAUKA

Duk da haka, dattawa ba su yi kuskure ba. Zumunci a ƙafa yake. Su kansu Kabawa da Sakkwatawa, bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934 ce ta zama alamar sulhunsu, har bikin kamun kifi ya samo asali daga gare ta. Akwai abin da taka ƙasar mutum da cin tuwonsa ke ginawa wanda waya ba ta ginawa. Ta fi iya raya amanar da aka riga aka dasa a kan dasa sabuwa. Saboda haka ya kyautu abokan hulɗa su san gidajen juna ko da sau ɗaya ne, su yi wa juna barka da ta'aziyya da ƙafa idan hali ya yi, sa'an nan su bar wa waya lissafin yau da gobe.

Kada kuma a manta da wanda ba ya da babbar waya, ko wanda ƙauyensu sabis ba ya kaiwa, ko dattijon da bai iya latsa ta ba. A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da waɗansu sassan maƙwabtanta saboda tsaro, jama'a sun ga yadda wannan igiya take da saurin tsinkewa. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa da za ta yanke shawara a kan dukiyar mutum ɗari, alhali mutum goma masu waya ne kaɗai suka halarta, ba ta yi shawarar da Musulunci ya sani ba. Wajibi ne shugabanni su tara sauran a zaure ko a harabar masallaci su ji ta bakinsu.

Taƙaitawa ita ce, taro ta intanet halal ne, kuma ni'ima ce ga ɗan kasuwar da ya gode mata da gaskiya. Ciniki yana ƙulluwa da shi, alkawari yana hawa wuya da shi, kuma mala'ikun da ke rubuta furucin bawa ba su bambanta wanda aka yi a rumfa da wanda aka yi a waya ba. Wanda ya ce ya sallama, to, ya sallama, ko da farashi ya tashi kafin gari ya waye.

Allah Ya sa albarka a noman fadama da kasuwancin jama'a, Ya tsare matafiya, Ya azurta 'yan kasuwa da gaskiya da riƙon amana a ɓoye da bayyane. Amin.